Muryar Da Na Ce Ba Tawa Ba Ce

Assalamu alaikum, masu karatu. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina jan rai in faɗi abin da na aikata. Kin yi gaskiya 'yar'uwa, jan ran nake yi, don nan ne wurin da ba na son isowa. Yau zan faɗa. In kun gama karantawa ku zage ni, na riga ku farawa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Ladi, shekarata ashirin da uku. A Magajiya nake cikin garin Suleja, ni da Innata da ƙanin mahaifina Kawu Auwal, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar Baba. Wanda zan aura sunansa Jibrin. A Abuja yake aiki, kullum sai ya sha cunkoson Madalla safe da yamma, amma bai taɓa fashin zance ranar Juma'a ba. Mutumin kirki ne, ku riƙe wannan, ba na so a ɗora masa laifin da nawa ne. Inna kuwa tun da ya fito ta hana ni sakat. In na yi hamma, "Ladi, sa'o'inki duk suna ɗakunansu." In na daɗe ban ɗaga wayarsa ba, "Ladi, kada ki yi mana wasa da yaron nan."

A gida an san ina zuwa shagon Oga Tunde koyon kwamfuta. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Gaban shagon kwamfutoci ne, ana buga takardu, ana tura wa mutane finafinai a waya. Amma ta baya akwai wani ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai da tsohon soson katifa, ba taga ba fanka, don kada ƙarar waje ta shiga makirfo. A nan ake fassara finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa. Oga Tunde Bayarabe ne haifaffen Suleja, Hausa zar a bakinsa, kuma a da shi kaɗai ke yin duk muryoyin, in ya zo kan mace ya matse hanci.

Wata rana ina zaune wani fim na tafiya a kwamfutar kusa da ni, sai na riƙa karanta rubutun ƙasan ina mayar da shi Hausa don in ba kaina dariya. Ashe yana bayana.

"Ladi, sake faɗa."

"Me zan sake, Oga?"

"Abin da kika faɗa yanzu. This your voice na market, wallahi. Tashi ki shiga ciki."

Ni da ko a islamiyya sai malam ya ce in ɗaga murya. Amma na tashi na shiga. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, ba suna ba hoto, ya ce ya ji.

Fim ɗin da ya jawo min duk wannan ban ma san ƙasar da aka yi shi ba, yarensu ban taɓa jin irinsa ba, rubutun Turancin ƙasa muke bi. Wani attajiri ne ya sa aka kamo masa wata halitta a kan dutse, jiki na mutum amma da fukafukai. Ya kulle ta a keji a bayan gidansa, duk wata a fige mata gashi ɗaya a sayar a matsayin magani. Sai aka ɗauko wata tela ta ɗinka wa kejin rufi don kada baƙi su gani. Tana auna ƙarafan da tef, halittar tana binta da ido. Daga nan ta fara ɓoyo abinci a cikin kayan ɗinkinta, ta riƙa jan aikin don kada ya ƙare. Mu muka raɗa musu suna, ita Saude, shi Baƙo. Ni ce Saude.

Baƙo ba ya magana, sai wani irin kuka a maƙogwaro kamar na kurciya. Kwafin da Oga ya samo sautinsa ya lalace, dole a sake yin kukan, kuma wanda ya yi shi ne Sama'ila.

Sama'ila shi ne mai haɗa sauti a shagon. Daga Gauraka yake zuwa, ya kusa talatin, siriri, kullum cikin yadi ruwan toka da hular da ta sha wanki har zarenta ya fara tashi. Yana da i'ina mai tsanani. In ya fara magana kowa ƙarasa masa yake yi, Oga ma haka, wani lokaci a ƙarasa masa da abin da ba shi yake nufi ba, sai ya gyaɗa kai kawai don a wuce wurin. Ni dai jira nake yi har ya kai ƙarshe. Ba wai don na fi kowa kirki ba, a'a, ina ganin don ni ma a gida ba a cika bari in ƙarasa tawa ba ne. Abin mamaki, in ya rufe ido yana kukan Baƙo, ko sau ɗaya muryarsa ba ta sarƙewa.

Sati uku muka yi a ɗakin nan. Makirfo ɗaya, abin kunne ɗaya, ɓari a kunnena ɓari a nasa, Oga na zaune a bakin ƙofa yana fifita da kwali. Kada zuciyarku ta kai ku nesa, ko gefen mayafina bai taɓa taɓawa ba. Amma in kin yi sati uku kina gaya wa mutum magana mai daɗi, yana amsa miki da muryar da ba wanda ya san yana da ita, ke ma kin san ba za ki fito yadda kika shiga ba.

A waya kuma wani mutum ne daban, rubutunsa ba ya tuntuɓe.

"Kin isa gida lafiya? Ruwa ya tare ni a hanya, ina rakuɓe a rumfar mai faci."

"Na isa. Ka sayi lema mana."

"Yau Saude ta yi ƙoƙari."

"Baƙo ma ba laifi, sai dai ya rage shagwaɓa."

Iyakar hirar ke nan, ba abin kunya a ciki. Amma duk ranar Juma'a kafin Jibrin ya iso sai na goge ta tas, kun ga ashe ni ma na san akwai wani abu.

Yanzu ku ji yadda aikin fassara yake, don a nan na yi kuskuren farko. Mai fassara ba ya bin rubutu tiryan-tiryan. Inda barkwancinsu ba zai ba Bahaushe dariya ba sai ka sa naka, inda bakinsu ke motsi ba rubutu sai ka cike. Oga yana kiran wannan gishiri. Akwai wurin da aka fige wa Baƙo gashi, yana kwance yana rawar jiki, Saude ta zura hannu ta tsakanin ƙarafa tana shafa kansa tana yi masa waƙa da yarensu. Ba rubutu ko ɗaya a ƙasa.

"Put something," in ji Oga. "Ko me ya zo bakinki."

Ranar kuwa kafin mu shiga, wani da ya zo a tura masa fim ya tsaya yana kwaikwayon i'inar Sama'ila, shagon duka ya ɗauki dariya. Sama'ila ya shigo ɗakin ya zauna kansa a ƙasa, yana murza wayar makirfo. Da na dube shi sai kawai na ji waƙar Inna ta fito:

Tantabara, tantabara, wa ya taɓa min ke?
Zo kwanta a cinyata in hura miki ciwon,
Gobe in gari ya waye mu je mu rama.

Inna ce ta ƙirƙire ta da bakinta lokacin da na yi ƙyanda ina shekara huɗu. Ba a rediyo take ba, ba a gidan kowa take ba sai namu. Ko tunanin haka ban yi ba. Na gama, Sama'ila bai danna tsayawa ba, sai da Oga ya miƙo hannu ya danna da kansa. Da yamma saƙo ya shigo.

"Ba a taɓa yi min waƙa ba."

Na amsa, "Ba kai na yi wa ba, Baƙo na yi wa," har da hoton dariya. Mu biyun mun san ƙarya nake.

Fim ya fita ya karɓu. Na ji muryata a wayar wata mata a cikin keke napep, na ji ta a gidan kitso, mata suna cewa wannan Sauden ta iya magana kamar ta sa ka kuka. Ina cikin hijabina ina jin daɗi ni kaɗai. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa alfahari da kaina irin na kwanakin nan ba.

Ranar wata Asabar Anti Nafisa, yayar Jibrin, ta zo karɓar awon kayana da lambar takalmi saboda lefe. Tun asuba Inna ta sa na wanke baranda, aka shimfiɗa sabuwar darduma, aka fito da kofunan da ba a taɓawa sai da baƙi. Ni kuma aka sa na ɗaura koriyar atamfar da Inna ke cewa tana ƙara min haske. Anti Nafisa ta iso cikin leshi ruwan zuma, mayafi a kafaɗa, turarenta ya riga ta shigowa. An ci an sha, ana ta raha, sai ta jawo waya daga jaka.

"Inna, kin kuwa ga fim ɗin nan na mai fukafukai? Sau uku na kalla. Akwai wata waƙa a ciki, bari ki ji, ni dai sai da na yi hawaye."

Na so in tashi in ce zan duba tukunya, amma ta riga ta danna. Waƙar ta fara. Inna tana riƙe da tire, ta ajiye shi a hankali.

"Mayar min baya."

Anti Nafisa ta mayar. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo.

"Wannan waƙata ce. Muryar kuma ni na haife ta. Ladi?"

Dariyar Anti Nafisa ta ɗauke. Ta dube ni daga ɗankwali har ƙafa.

"Tsaya. Wato ke ce a ƙarshe kike ce wa mai fukafukan ya ɗauke ki ku gudu, ba kya iya rayuwa sai da shi? Ke ce duk Suleja ake saurare a waya, har 'yan acaɓa?"

Kawu Auwal ya ji hayaniya ya fito daga ɗakinsa da carbi a hannu. Ido shida a kaina. A raina na ga lefe, na ga Jibrin, na ga fuskar Inna in aka fasa auren. Da na ce ni ce, na yi kuskure, da wataƙila faɗa za a yi a gama. Amma ga abin da ya fito daga bakina.

"Wallahi ban sani ba. Ina yawan rera ta in ina aiki a kwamfuta. Akwai wani mai haɗa sauti a wurin, ina jin shi ya ɗauke ni a ɓoye. Yanzu ai kwamfuta tana kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba."

Kuna iya cewa tsoro ne, bakina ne ya suɓuce. Na gode, amma ba haka ba ne. A cikin wannan ɗan lokacin sai da na yi zaɓi. Oga Tunde baki gare shi, in na ambace shi zai tone ni kafin in ƙifta ido. Sai na zaɓi wanda na san kafin ya haɗa jimla ɗaya an gama yanke masa hukunci. Abin da ake yi masa dariya a kai, ni da shi na yi amfani. Wannan ne abin da na daɗe ina kewaye-kewaye ban rubuta ba.

Bayan la'asar Jibrin ya zo da mota, ya ɗauke ni da Kawu muka nufi shagon. Kawu tun daga bakin ƙofa ya fara, yana cewa sai ya sa an rufe wurin, ana lalata 'ya'yan mutane da sunan koyon kwamfuta. Oga Tunde ya dube ni, na kawar da kai. Mutum ne mai saurin lissafi, nan take ya gane inda mafitarsa take.

"Alhaji, I swear ni ban san komai ba. Ni editing ba aikina ba ne. Ga mai haɗa sound nan, ku tambaye shi."

Aka fito da Sama'ila daga ɗakin baya, abin kunne na rataye a wuyansa. Jibrin bai ɗaga murya ba.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Ta san kana ɗaukar muryarta?"

Sama'ila ya dube ni. Ni takalminsa nake kallo, silifas shuɗi da aka ɗinke igiyarsa da zare.

"B... b... b..."

Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Ranar ce rana ta farko da ba wanda ya ƙarasa masa magana, don kowa so yake ya ji daga bakinsa. Ya kusa minti biyu yana fama. Ku lissafa minti biyu a agogonku ku ga tsawonsa. Duk wannan lokacin nawa ne, kalma biyu kawai ake nema daga gare ni, ni ce. Bakina lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya sarƙe shi. Na tsaya ina kallon ƙasa ina addu'ar ya faɗi abin da zai cece ni.

"B... ba ta s... sani ba."

Kawu ya ɗauke shi da mari, hular ta faɗi ƙasa. Samarin da suka zo turin fim sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Jibrin ne ya shiga tsakani ya riƙe hannun Kawu, ya ce ya isa, ya ce wa samarin su sauke wayoyinsu, amma aikin gama ya gama. Oga Tunde ya ce Sama'ila ya kwashe kayansa kada ya sake ganinsa. Ya durƙusa ya ɗauki hularsa, ya cire abin kunnen ya naɗe wayarsa tsaf ya ajiye a kan tebur, ya fita. Bai sake kallona ba.

A mota Jibrin ya tsaya ya sayo min ruwa mai sanyi, ya miƙo min ta baya.

"Ki yi haƙuri, Ladi. Da na san irin wurin da kike zuwa ke nan da tuni na nemo miki wani. Laifina ne."

Na fashe da kuka, su kuma suka ɗauka na baƙin cikin abin da aka yi min ne. Kawu har da cewa in yi shiru, Allah ya tona asirin azzalumi.

Washegari na rubuta wa Sama'ila "Ka yafe min." Na goge, na sake rubutawa, na tura. Alamar ya karanta ta fito. Har yau ba amsa, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan sati biyu iyayen Jibrin suka kawo goro da alewa aka sa rana. Anti Nafisa yanzu ƙanwata take kirana, tana ba mutane labarin yadda aka so a ɓata min suna Allah ya kare.

Jiya da hantsi ina zaune da Inna a tsakar gida muna tsince wake, sai muka ji sallama. Wata dattijuwa ce, hijabinta ya koɗe, takalmin roba duk jan laka. Inna ta ba ta tabarma, na kawo mata ruwa. Ta sha kaɗan ta ajiye.

"Daga Gauraka nake. Ni ce mahaifiyar Sama'ila."

Fuskar Inna ta canja. Matar ta ɗaga hannu.

"Ba faɗa ya kawo ni ba, Hajiya. Haƙuri na zo bayarwa. Ni na haife shi, ban san shi da wannan hali ba, amma tunda ya ce ya yi, to ya yi. Ku yafe masa."

"Ya wuce," in ji Inna a taƙaice.

"Na gode. Sai abu ɗaya." Ta juyo wajena. "'Yata, tun ranar da abin nan ya faru bai sake magana ba. Hoton marin ya zaga, duk shagon da ya je neman aiki sun riga sun gani. Yanzu ko ruwa yake so sai dai ya rubuta a takarda, ni kuma ban iya karatun boko ba, sai na nemo mai karanta min. Alhali kwanakin baya har bakinsa ya fara sakuwa. Na tambaye shi sirrin, ya ce akwai wata yarinya a wurin aikinsu da take jira har ya gama magana. Bai faɗa min sunanta ba. Na ce tunda kin zauna a wurin, ko kin san ta? In roƙe ta don Allah ta zo ko gaisuwa ce ta yi masa, ko zai buɗe baki."

Hannuna na cikin wake. Na ji Inna ta daina tsincewa.

"Ban san ta ba, Iya."

Ta gyaɗa kai, ba ta yi mamaki ba.

"To, ba komai. Allah ya yi mata albarka duk inda take. Ke ma Allah ya sanya alheri a aurenki."

Ta naɗe tabarmar da kanta ta jingine a bango, ta yi sallama ta fita.

Ni kaɗai ce mace a shagon Oga Tunde. Inna ta san haka, don ranar da ta raka ni rajista sai da ta yi ƙorafi a kai. Ta jawo farantin waken gabanta. Da ta yi magana ba ta ɗago ba.

"An riga an sa rana, Ladi. Abin da kika haɗiye, ki ci gaba da haɗiye shi."

Daga inda nake zaune ina hango bakin titi ta ƙofar zaure. Matar tana tsaye a rana tana jiran abin hawa. Mayafina yana kan igiyar shanya, taku uku tsakanina da shi. Keke na farko ya wuce a cike, na biyu ma haka. Na ukun ba kowa a ciki, ya tsaya, ta tattare hijabinta ta hau.

Ni kuma na ci gaba da tsince wake.